Shekarar da Aka Zauna wa Marken Tudu

Mu'azu ya dawo daga fataucin kanwa a Borno ana tsakiyar damina, ya tarar da ƙanensa Audi zaune a ƙofar gari da rawani a kansa.

Garinsu, Marken Tudu, ɗan ƙaramin gari ne gabas da Gaya, a kan hanyar Toranke. A wancan zamani mahara daga duwatsun Ningi sun hana gabashin Kano sakat, saboda haka ko ƙauye ne sai ya ja ganuwa, ya haƙa gwalalo, ya shuka sarƙaƙiya a bayanta. Ƙofa ɗaya ce a garin, kuma tun kakanni gidansu Mu'azu ke tsaronta. A cikin zauren ƙofar akwai wani kututturen marke da zama ya goge har yana sheƙi. Mu'azu ya ga ubansa a kan kututturen nan, ya san warin fatar garkuwarsa, ya tuna yadda yake ɗora shi a cinya yana nuna masa yadda ake zura sakata. Audi kuwa bai taɓa ganin uban ba. Yana ciki aka yi rasuwar, shi ya sa ma aka sa masa wannan suna. Baffansu Datti ya riƙe ƙofar kafin yara su girma, kuma Mu'azu ya ɗauka kowa ya san wane yaro ake nufi.

Audi na hango jakunan ya miƙe da sauri, ya zo ya durƙusa a cikin taɓo.

"Sannu da hanya, Yaya. Sai haƙuri, Baffa ya rasu tun bazara."

Mu'azu ya yi salati, ya yi wa mamaci addu'a. Amma idonsa na kan rawanin, wanda ya yi wa Audi yawa har yana saukowa kan gira.

"Wannan fa?"

Audi ya sunkuyar da kai. "Mai gari ne ya ce ba a barin ƙofa haka."

Washegari Mu'azu ya je gaida mai gari Tukur da ɗan tsarabarsa. Tsohon bai jira an tambaye shi ba.

"Na san abin da ke ranka, Mu'azu. Kai ne babba. Amma rabin shekara kana hanya, ƙofa kuwa mai zama take so. Ɗan'uwanka tun yana yaro yake gindin baffanku."

"Ranka ya daɗe, ai duk gida ɗaya ne," in ji Mu'azu. Ya fito yana jin bakinsa kamar ya tauna maɗaci.

Daga ranar gari duka ya koma kiran Audi Sarkin Ƙofa, ban da mutum ɗaya. Mu'azu Audi yake ce masa, ko a gaban wa.

A gida ma bai sami sauƙi ba. Uwarsu Baiwa, da yake shi ne ɗan fari, ba ta kama sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido. In za ta yi maganarsa sai ta ce "mai jakunan nan". Ya kawo mata zane da turaren Borno, ta ce wa matarsa Rekiya a ajiye can. Jim kaɗan Audi ya shigo, sai murya ta sake: "Auta, ka ci wani abu kuwa? Dubi yadda ka rame." Mu'azu ya san kunyar ɗan fari ce, haka ake yi a kowane gida, shekara da shekaru bai taɓa damuwa ba. A wannan shekarar ce abin ya fara yi masa zafi.

Da kaka ta yi, gero ya nuna, dawa ta fara sunkuyar da kai, sai wata safiya aka ga hayaƙi ya tashi daga kudu. Kafin hantsi manoma sun fara shigowa a guje, mata da goyo, tsofaffi a kan jakuna. Mai gari ya sa wani mai doki ya ruga Gaya neman gudummawa. Mutane suka yi ta yi wa Audi ihu ya rufe, ya ƙi, domin ya hango wani Bafulatani mai suna Hamma yana kora shanunsa daga fadama. Sai da saniyar ƙarshe ta shige, ana iya jin kuwwar mahara, sannan ya sa aka tura ƙyaure aka zura sakata. Hamma ya kama hannun Audi ya riƙe. Mu'azu na gefe yana kallo, ya ce a ransa da abin ya ɓaci da yanzu sunan Audi wawa.

Maharan suka gwada ganuwa sau ɗaya. Sarƙaƙiya ta riƙe su, kibau suka sauka a kansu, suka ja da baya. Sai suka koma inda kibiya ba ta kaiwa, suka sare karan geron mutanen gari suka yi bukkoki da shi, suka hura wuta. Daga kan ganuwa kana ganinsu suna gasa zangarniya suna dariya.

Da la'asar maza suka taru a zauren ƙofa. Samari na cewa an yi musu ƙawanya, kamar yadda ake yi wa gada a farauta. Liman ya ce a littafi hisari ake ce wa wannan, wato tsarewa. Wani tsohon maharbi mai suna Barau, wanda haƙoransa suka zube, ya tofar da goro ya ce:

"Ku kira shi abin da kuka ga dama. Mu da muka taso, cewa ake an zauna wa gari. Mutanen nan ba faɗa suka zo yi ba, zama suka zo. Za su zauna su ci na gona, mu zauna mu ci na rumbu, a ga wanda gindinsa zai fara gajiya." Ya nuna Audi da haɓa. "Allah ya rufa mana asiri, mun sami mai iya zama. Da masu ƙaiƙayin ƙafa ne a kan kututturen nan da mun shiga uku."

Aka yi dariya. Wataƙila Barau ba ya nufin kowa. Mu'azu dai ya ji kamar an kira sunansa, ya tashi ya bar wurin.

Audi ya raba mutane a kan ganuwa. Ya ba yayansa gefen yamma, wajen kududdufi, inda sarƙaƙiya ta fi kauri kuma babu mai zuwa. Ya ce masa, "Yaya, ina son wanda hankalina zai kwanta da shi a bayana." Mu'azu ya ji maganar daban: an ajiye shi wajen kwaɗi.

Kwanaki suka yi ta tafiya, Gaya shiru. Audi ya sa aka riƙa ɗiban ruwa a rijiya bi da bi, ya sa mata suka tara duwatsu da toka a kan ganuwa, shi kuwa yana nan a zaure, ba ya ɗaga murya, ba ya zuwa gida. Kowa ya zo da firgici sai ya koma da sauƙi. Har mata suka ƙirƙiro masa waƙa a wajen niƙa. Wata rana Mu'azu ya shigo gidansa ya ji Rekiya na rera ta a kan dutsen niƙa, ba ta ma san tana yi ba.

"Waƙar wa kike yi a gidana?"

Ta ɗago da mamaki. "Maigida, ai ƙanenka ne."

"Na tambaye ki dangantakarmu?"

Ta ci gaba da niƙa. Ya tsaya a kanta yana jiran ta ce wani abu da zai kama, ba ta ce ba.

Abin da ya fara ƙarewa a garin shi ne abincin dabbobi. Shanun Hamma suka cinye harawar da aka samu, suka koma jan jinkar ɗakuna. Kullum sai an yanka ɗaya kafin ta mutu. Hamma ya zama kamar wanda ake yanka ’ya’yansa, yana zagaya gari yana kiran shanun da sunayensu. Wata rana ya hau ganuwar yamma ya zauna kusa da Mu'azu, suka yi ta kallon wata gonar dawa da ke arewa da kududdufi, kore shar, ba wanda ya taɓa ta.

"Da zan sami karan can ko dami kaɗan ne," in ji Hamma, "da masu ciki sun rayu."

Mu'azu ya riga ya lura da cewa in rana ta take, maharan kan kwanta a gindin ɗorawoyi can nesa. Ya kai maganar zauren ƙofa, kuma da gangan ya zaɓi lokacin da mutane suka cika.

"Audi, ka buɗe mana da azahar. Mu fita da lauje, mu yanko dawa da kara, mu dawo kafin su farka."

"Yaya, sun sare kowace gona sun bar wannan. Don mu gani suka bar ta."

"Kai da ba ka taɓa wuce Toranke ba, kai za ka koya mini dabarar mahara? Na ratsa daji da ayari kana nan kana share wa Baffa zaure."

Audi ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce a hankali, "Ka yi haƙuri, Yaya. Ƙofar nan ba za ta buɗu ba."

Da ya faɗa masa a ɗaki, su biyu, da wataƙila Mu'azu ya haɗiye. Amma a gaban Barau ne da liman da samarin da ya goya suna yara.

Ya koma gefensa ya yi ta juya abin. Can ƙasan zuciyarsa ya san mai yiwuwa Audi ya yi gaskiya. Sai dai akwai wani hoto da ya ƙi barin idonsa: shi a gaba, samari a baya da dammunan dawa a ka, suna tsaye a bakin ƙofa, Audi dole ya tashi daga kututture ya buɗe masa da hannunsa, mata kuma su sake waƙa.

Bai sha wahalar samun mutane ba. Hamma ya yarda tun bai gama magana ba, wasu samari da zama ya isa su ma suka ce suna ciki. Washegari da rana ta take suka zura tsani ta ganuwar yamma, suka bi wata ’yar kafa da awaki suka yi a cikin sarƙaƙiya, suka shiga gonar a sunkuye.

Da farko kamar wasa. Lauje na aiki, dammuna na taruwa, Hamma na ɗaura kara yana murmushi. Mu'azu har ya fara tsara abin da zai ce a bakin ƙofa. Sai dawar da ke gabansu ta motsa, mahara suka miƙe daga cikinta, kowa da mashi a hannu.

Hamma aka fara soka, da damin a kansa. Mu'azu ya ga ya durƙusa yana laluben igiyar kamar ita ce ta kuɓuce masa. Wani ya kai wa Mu'azu sara, ya kauce, bakin takobi ya tsaga masa goshi. Suka juya za su koma wajen tsani, suka ga an riga an tare hanyar. Ba sauran wuri sai ƙofa.

Suka bi gefen gwalalo a guje, samarin na ihu, "Sarkin Ƙofa! Sarkin Ƙofa, buɗe!" Mu'azu na gudu jini na rufe masa ido, amma bakinsa ya ƙi kiran sunan. Ya san ƙa'idar gidansu: in abokan gaba na bin mutum dab da dab, ba a buɗe masa, ko ɗan mai gari ne. Shi da kansa da yana kan kututture, bai san abin da zai yi ba.

Ya ji ƙarar sakata. Ƙyaure ya buɗu kaɗan, Audi ya fito da garkuwar ubansu a hannu, wasu maza kaɗan a bayansa. Ya tsaya a kan siririyar hanyar da ta ƙetare gwalalo, inda mutum biyu ba sa jerawa, ya bar samarin suna wucewa ta gefensa ɗaya bayan ɗaya. Daga kan ganuwa mata suka yi ta ruwan duwatsu da toka. Mu'azu ne ƙarshe. Yana giftawa ya ji Audi ya yi wani nishi, ya waiga ya ga kibiya a cinyarsa. Ya cafki wuyan rigarsa ya ja shi ciki, aka danna ƙyaure.

Kibiyar mai dafi ce. A nan cikin zaure Barau ya sa aka danne Audi, ya yanke naman da ke kewaye da raunin, ya ƙona wurin da ƙarfe. Baiwa ta zo a guje ba mayafi tana kiran "Audina, Audina!" Ta wuce ta gaban Mu'azu, wanda ke jingine da bango fuska duk jini, ba ta tsaya ba. Da yamma Rekiya ta kawo masa kunu a wata ƙwarya da ya gane ta ɗakin uwarsa ce. Ya tambaya ko an ce wani abu. Ta ce ba a ce ba.

Gawar Hamma na waje, ba a iya ɗauko ta ba. Matarsa Lauratu ta zauna a tsakiyar shanun ba ta kuka, ba ta magana da kowa.

Mai gari ya sa aka kira Mu'azu.

"Hukuncinka sai an buɗe gari. Yanzu ba ni da wanda ya san ƙofar nan sai kai. Je ka zauna kafin ɗan'uwanka ya tashi, in zai tashi."

Haka Mu'azu ya hau kututturen. Ya same shi gajere, ga tauri, ba yadda yake tunawa ba. Mutane na wucewa ba sa gaishe shi. In wani ya tsaya, tambaya ɗaya ce: "Ya jikin Sarkin Ƙofa?" Ya yi aikin kuma ya yi shi da kyau. Bai bar zauren ba, bai bari an taɓa sakata ba, har ranar da maharan suka kawo wasu kamammu gaban ƙofa suna dukansu don a fito, ya toshe kunnensa ya zauna. Ba wanda ya yi masa waƙa. Waƙar Audi ce ta ƙaru da baiti biyu.

Rumbuna sun kusa ƙasa sa'ad da dawakin Gaya suka iso. Maharan ba su tsaya ba, suka cinna wa bukkokinsu wuta suka yi kudu da abin da suka tara. Mu'azu ya zare sakata da hannunsa. Shugaban mahayan ya ja linzami a gabansa ya dube shi da fara'a.

"Kai ne mutumin da ya fita da garkuwa ya tare hanya? Labarinka ya riske mu tun a hanya."

"A'a," in ji Mu'azu. "Ni yayansa ne."

"To, madalla. Ina gidansa?"

Mu'azu ya nuna masa.

Audi ya rayu, amma ƙafar ta shanye. Da ya fara iya zama ya aika a kira yayansa. Mu'azu ya same shi a kan tabarma ya rame ƙwarai, rawanin na naɗe a gefensa. Audi ya tura rawanin gaban Mu'azu.

"Gurgu ba zai tsare ƙofa ba, Yaya. Na gaya wa mai gari, ya ce in ka biya haƙƙin Lauratu ba zai hana ba."

Mu'azu ya kalli rawanin. "Kai za ka ba ni?"

"Ai naka ne tun asali. Ni ban nema ba, Allah ya sani."

"Da nawa ne da ba daga hannunka zan karɓa ba."

Audi ya ce, "To me kake so, Yaya? Tun ranar da ka dawo nake neman abin da zan yi ka dube ni, ban samu ba. Faɗa mini."

Idon Mu'azu ya sauka kan cinyar da aka ɗaure da tsumma, ya gane da kunya cewa ita yake so. Da a ce shi kibiyar ta samu, shi ne a kan tabarmar nan, shi uwarsu ta shigo wa ba mayafi. Wannan kuwa ba abin da za a ba mutum ba ne, ba kuma abin faɗa ba. Ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi," ya fita.

Mai gari ya yanke cewa rabin jakunan Mu'azu na Lauratu ne, kuma shi zai raka ta da sauran shanun har wajen danginta a Ajingi. Ya raka ta. Duk tsawon hanyar ba ta ce masa uffan ba. Da ya dawo ya kwashe Rekiya da kayansu suka koma Kademi. Audi ya ci gaba da riƙe ƙofa da sandarsa, aka ba shi masu tura ƙyaure, ya tsufa a wurin.

Mu'azu ya yi arziki a Kademi, ya yi gona, ya yi rumfar kanwa a kasuwa. Duk sallah yana aika wa gida hatsi da tufafi, na Audi ya fi na kowa kyau, amma shi ba ya zuwa sai in rasuwa aka yi.

Wata ranar kasuwa, gemunsa ya riga ya yi fari, wasu masu sayayya suka fake a rumfarsa suna hira. Ɗaya daga cikinsu, mutumin Toranke, ya ɗauko labarin shekarar da aka zauna wa Marken Tudu. A bakinsa maharan sun ninka, Audi ya tare su shi kaɗai, kibau uku ne a jikinsa. Wani ya tambaya, "To wai wa ya fitar da samarin tun farko?"

"Oho," in ji mai labarin. "Wani mai taurin kai ne. Ina jin baƙo ne ma."

Mu'azu ya ajiye kanwar da ke hannunsa. "Ba baƙo ba ne."

Suka juyo suna jiran ya ƙarasa. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ga ba wanda ya damu da amsar, so suke a koma wajen garkuwa. Sai ya ce wa mai labarin, "Ci gaba, Malam." Mutumin ya ci gaba, Mu'azu ya zauna ya saurara har ƙarshe.